Jean Prouvé (1901–1984): maƙerin da ya aiko wa Yamai gida cikin jirgin sama

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako ta birnin Yamai da hantsi ya san amon guduma bisa ƙarfe. A nan ne maƙera ke fasa tsohuwar ganga, su miƙe ta, su lanƙwasa, ta koma akwati ko murhu ko ƙyauren ɗaki. A nan ne kuma ake narka tarkacen alminiyam a zuba, ya fito tukunya. Mutumin da za mu kawo tarihinsa yau, da a ce an sauke shi a wannan wuri, da bai nemi tafinta ba, don kuwa sana'arsa ke nan tun yana yaro. Sunansa Jean Prouvé, mutumin Faransa. Bai taɓa samun takardar shaidar zanen gine-gine ba, amma yau ana lissafa shi cikin manyan da suka sake fasalin gida a ƙarni na 20. Ɗaya daga cikin shahararrun ayyukansa kuwa a nan Yamai aka kafa shi, a shekara ta 1949, ya yi shekara hamsin a tsaye, sa'an nan aka kwance shi aka mai da shi inda ya fito.

Tarihin nasa yana da wani amfani na biyu. Mu a nan duk gidan da ba na laka ba ne mukan kira shi gidan zamani, mu wuce. Alhali kuwa gine-ginen zamani iri-iri ne, kowane da lokacinsa da manufarsa, kuma rayuwar wannan mutum ta ratsa kusan dukansu. Wanda ya bi ta a hankali zai iya bambanta salon tsakiyar ƙarni, wato na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sauran ƴan uwansa.

Ɗan mai zane a gaban maƙera

An haifi Jean Prouvé a birnin Pari ran 8 ga watan Afrilu 1901, amma a Nancy ya tashi, wani gari na lardin Lorraine a gabashin Faransa, ƙasar tama da masana'antun ƙarfe. Ubansa, Victor Prouvé, mai zane ne kuma masassaƙi, uwarsa kuwa gwanar kiɗan piyano ce. Aminin uban, Emile Gallé, wanda ya yi suna wajen aikin gilashi, shi ya tsaya wa yaron a matsayin uba ranar baftisma, bisa al'adar Kirista. Waɗannan dattawa su ne jagororin wata ƙungiya ta masu fasaha da ake kira Ecole de Nancy, kuma bayan rasuwar Gallé a 1904 Victor ne ya gaje shi a shugabancinta.

Salon da suke yi shi ne wanda Faransawa ke kira Art Nouveau. Alamarsa ita ce ado da siffar tsiro: ƙofar ƙarfe ta yi ta murɗewa kamar yaɗon kabewa, fitila ta fito kamar fure. Yaron bai ɗauki furannin ba. Abin da ya ɗauka a gidan ubansa shi ne aƙidar da ke ƙarƙashinsu, cewa mai zane da mai ƙira su zauna wuri guda, kuma abu mai kyau ya kai ga hannun talaka ta hanyar masana'anta.

Burinsa ya zama injiniya, don motoci da jiragen sama sun ɗauke masa hankali. Sai Yaƙin Duniya na Farko ya karya tattalin gidansu, aka fid da shi daga lakwal. A 1916 aka kai shi koyon ƙira wajen wani maƙeri mai suna Emile Robert a Enghien, kusa da Pari, daga baya ya koma wajen wani, Szabo, har 1921. Shekara biyar ke nan yana gaban wuta da uwar maƙera. Bayan ya gama aikin soja, ya buɗe tasa maƙerar a Nancy a 1924. Farkon abin da yake yi bai wuce abin da maƙeranmu ke yi ba: ƙofofi, da tagogi, da makaran bene, da fitilu.

Abin da ya raba shi da sauran maƙera shi ne bai tsaya ga guduma ba. Cikin ƴan shekaru ya sayi injin walda na lantarki, daga baya ya ƙara da injin lanƙwasa fallen ƙarfe. Mai karatu ya ɗauki takarda ya tsai da ita bisa tebur, zai ga ta faɗi. Ya ninka ta biyu ko uku, sai ta tsaya, har ta ɗauki ɗan nauyi. Dalilin da ya sa kwanon rufi yake da tudu da kwari ke nan, dalilin kuma da ya sa maƙerin Katako yake fitar da gyara a jikin akwati. Bisa wannan ɗan sirri Prouvé ya gina dukan aikinsa: maimakon sandar ƙarfe mai nauyi da tsada, a ɗauki falle marar kauri, a lanƙwasa shi yadda zai yi ƙarfi a daidai wurin da nauyi ke faɗawa.

Kujerar da ya ƙera a 1934, wadda ake kira Standard, ta isa misali. Ya lura cewa in mutum ya zauna, yawancin nauyinsa ƙafafun baya ke ɗauka. Saboda haka ya yi ƙafafun gaba da siririn bututu, na baya kuwa da lanƙwasasshen falle mai faɗi a tsakiya, inda mazauni ya haɗu da majingini. Ba a ƙara mata komai don ado ba. Har yau ana ƙera ta ana sayarwa.

Salo uku kafin yaƙi

A lokacin da yake tasowa, abin da ke tashe a Pari shi ne salon da daga baya aka sa wa suna Art Déco, daga babban baje kolin da aka yi a 1925. Shi ma ado ne, sai dai an bar furanni an koma ga layuka masu kusurwa, da matakala-matakala, da kaya masu tsada irin su marmara da tagulla. Gaban gini yakan zama dama da hagu daidai wa daida. Salo ne na gidajen silima da manyan otel da masu hannu da shuni.

Gefe guda kuma akwai masu tawaye. A Jamus, Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a 1919, wadda aka tilasta wa rufewa a 1933, zamanin Hitila. A Faransa akwai Le Corbusier, wanda ya gama gidan Savoye a Poissy a 1931. Waɗannan sun ce ado ya ƙare. Gidajensu farare ne fat, kamar akwati, rufinsu shimfiɗaɗɗe, tagoginsu dogaye a kwance, wani lokaci gidan duka yana bisa ginshiƙai. Wannan shi ake kira salon ƙasa da ƙasa. Prouvé ya shiga sahunsu: ya yi wa Robert Mallet-Stevens ƙofar wani gida a Pari, yana kuma cikin ƙungiyar masu fasahar zamani, UAM, da aka kafa a 1929. Amma akwai abin da idon maƙeri ya gani wanda masu zane ba su damu da shi ba. Fararen gidajen nan kamannin inji kawai gare su. In an kankare farar ƙasar, sai a tarar da bulo da siminti da magina suka jera da hannu, wata da watanni, kamar dai yadda aka saba. Shi kuwa so yake a ƙera gida a masana'anta kamar yadda ake ƙera mota, a kawo shi gunduwa-gunduwa a haɗa.

Ya gwada haka a Clichy, a bakin Pari, tsakanin 1935 da 1939, tare da masu zane Eugène Beaudouin da Marcel Lods da injiniya Vladimir Bodiansky. Ginin kasuwa ne a ƙasa, zauren taro a sama. Daɓen saman yana janyuwa, rufin yana buɗewa, bangon kuwa fallayen ƙarfe ne da aka rataya a jikin ginshiƙai, ba ya ɗauke da nauyin komai. Irin wannan bango da ake ratayawa kamar labule shi ne yau ke jikin dogayen benaye na duniya.

Akwai salo na uku da ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, Nasara sun ƙago wani gini da suka kwaikwayo daga masallatan Jenne da Tumbutu: siminti ne, amma an yi masa ƙahonni da ginshiƙai a jikin bango don ya yi kama da laka. Tashar jirgin ƙasa ta Bobo-Dioulasso ita ce sanannen misalinsa. Wannan ya ari rigar ginin ƙasar, ya bar hikimar da ke cikinta.

Bayan yaƙi

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, ƙarfe ya yi wuya. Ma'aikatar Prouvé ta koma ƙera murhu da kekuna don kada ma'aikata su watse, shi kuwa yana taimakon ƴan gwagwarmaya a ɓoye. Saboda haka da aka ƴantar da Nancy a 1944 aka naɗa shi magajin gari, ya riƙe na ƴan watanni. Ƙauyukan Lorraine sun zama kufai, ga sanyi ya gabato. Sai ya fito da wani ɗan gida mai mita 6 tsawo, 6 faɗi: ginshiƙin ƙarfe a tsakiya mai ƙafa biyu, ƙarfe guda a kwance bisansa yana riƙe da rufi, bango kuwa allunan katako. Mutum kaɗan sukan kafa shi cikin yini guda. An ƙera ɗaruruwa. A 1947 ya buɗe babbar masana'anta a Maxéville, a bakin Nancy, inda ma'aikata suka kai wajen 200.

A nan ne salon tsakiyar ƙarni ya samo asali, a Faransa da wajenta. Yaƙi ya bar abu biyu: miliyoyin mutane marasa muhalli, da masana'antun da suka saba ƙera jiragen sama da alminiyam da katakon da ake mannawa falle bisa falle, yanzu kuma ba su da mai saye. A Amurka wata mujalla ta birnin Los Angeles ta fara wani shiri a 1945 na gina gidajen gwaji don iyali masu matsakaicin hali. Mafi shahara cikinsu shi ne wanda Charles Eames da matarsa Ray suka gina a 1949 da ƙarafan da ake saye a kasuwa don gina masana'antu. Wani ɗan kwangila, Joseph Eichler, ya gina irin waɗannan gidaje wajen 11,000 a jihar Kalifoniya. Sunan salon kansa bai bazu ba sai bayan 1984, da wata marubuciya, Cara Greenberg, ta sa shi a kan littafinta game da kujeru da teburan shekarun 1950.

To, da me ake gane shi? Gidan yakan kwanta ne bisa ƙasa, hawa ɗaya, ya miƙe a tsawo. Ginshiƙai sirara da ƙarafa ko katakan da ke kwance bisansu su ke ɗauke da rufi, kuma ba a ɓoye su, ana ganinsu daga ciki. Tun da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai a mai da shi gilashi daga daɓe har rufi, lambu ya zama kamar wani ɗaki na gidan. Rufin shimfiɗaɗɗe ne ko mai ɗan gangare, yana kuma zarce bango sosai don ya ba da inuwa. A ciki an rage shamaki: wurin zama da wurin cin abinci da madafa sukan haɗu. Katako yana nan da launinsa, dutse da nasa, ƙarfe da nasa. Nan ne ya rabu da fararen akwatunan shekarun 1920, waɗanda suka shafe komai da farar ƙasa, suka tsaya bisa fili kamar baƙi, aka kuma gina yawancinsu don attajirai. Ya gaji ƙin ado daga gare su, amma ya sassauta, ya nemi jituwa da rana da iska da itatuwan wurin.

Ya kuma rabu da wani ɗan uwansa da suka tashi tare, wato salon ɗanyen kankare. Babban misalin wannan shi ne benen da Le Corbusier ya gama a Marseille a 1952, inda aka bar kankare yadda ya fito daga allunan zubi, da kaushinsa da nauyinsa. Yawancin manyan ofisoshin gwamnati da aka gina a Afirka bayan samun mulkin kai jikokin wannan ne. Shi yana taƙama da nauyi, gidan tsakiyar ƙarni kuwa da rashin nauyi. A wajen rashin nauyi babu wanda ya kai Prouvé nisa.

Gidan Yamai

A ƙarshen shekarun 1940 Yamai ƙaramin gari ne, ko da yake tun 1926 aka ɗauko babban birni daga Damagaram aka kawo nan. Gwamna Jean Toby ke mulki. Faransa ta kafa asusun FIDES a 1946 don gina makarantu da asibitoci da ofisoshi a ƙasashen da ta mallaka, amma a Nijar kayan gini su ne matsala. Ba teku, ba jirgin ƙasa, ba masana'antar siminti, don ta Malbaza sai cikin shekarun 1960 ta fara aiki. Buhun siminti sai ya sauka a Kwatano, ya hau jirgin ƙasa zuwa Paraku, ya koma kamyo, ya haye kogi a Gaya, kafin ya iso. Paul Herbé, mai zanen gine-gine da aka ba aikin tsara garin tare da abokinsa Jean Le Couteur, shi ya tuntuɓi Prouvé: ko za a iya ƙera gida marar nauyi a Faransa, a kawo shi ta sama?

Prouvé da ƙanensa Henri, wanda shi mai zanen gini ne, suka fito da abin da aka sa wa suna Maison Tropicale, wato gidan ƙasashen zafi. Na farko an yi shi ne don daraktan kwalejin Yamai. Tsawonsa mita 26, faɗinsa 10. An fara kafa shi a bakin kogin Seine a Pari don jama'a su gani, sa'an nan aka kwance, aka loda a jirgin sama. An yanka kowane gunki yadda zai shiga cikin jirgi, yadda kuma mutum biyu za su iya ɗaga shi ba tare da inji ba. Abin da aka yi a Yamai kawai shi ne daɓen siminti da aka ɗora shi a kai.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda aka yi wa zafi dabara, don nan ne gwanintar take. Gidan kamar gida biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki shi ne ɗakuna. Na waje kuwa laima ce ta alminiyam: baranda ta kewaye ɗakunan, a bakinta an jera fallaye a kwance waɗanda ake karkatawa gwargwadon tsayin rana, don kada haskenta ya taɓa bangon ciki. Rufi biyu ne, da sarari tsakaninsu, a ƙololuwa kuma an bar wata doguwar kafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In rana ta gasa rufin sama, iskar da ke ƙarƙashinsa takan yi zafi, ta tashi, ta fice ta kafar, ta jawo wata daga inuwar baranda. Wato zafin da kansa ke tura iska, ba fanka, ba lantarki. A jikin ƙofofi da wasu allunan bango an huda ƙananan tagogi zagayayyu, irin na jirgin ruwa, wasu da shuɗin gilashi don rage ƙarfin haske. Alminiyam kuwa an zaɓe shi don nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, yana kuma mai da hasken rana baya.

A 1951 aka aika da wasu biyu Barazabil, a Kwango, don ofishin kamfanin alminiyam na Faransa da gidan wakilinsa. Su an ɗora su bisa ƙafafu, an haɗa su da ƴar gada. Daga nan magana ta tsaya. An yi zaton za a ƙera dubbai, uku kaɗai aka yi.

Dalilan a bayyane suke. Abin da aka ƙera ɗaya-ɗaya, aka kuma biya masa kuɗin jirgin sama, ya fi ginin bulo tsada nesa ba kusa ba. Araha sai an ƙera da yawa, yawa kuwa sai an yi oda, odar ba ta zo ba. Ma'aikatan Nasara da aka yi dominsu ba su so shi ba, sun fi son gida mai kaurin bango irin wanda suka sani. Akwai kuma abin da mu ya kamata mu faɗa, tun da mu ke zaune cikin wannan rana. Fallen ƙarfe ba ya ajiye sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai, iskar da ake jawowa daga baranda ita ma mai zafi ce, kuma da hunturu duk kafar da aka bar wa iska ƙura ma ta nan za ta bi. Maginanmu sun bi wata hanya dabam tun da daɗewa. Bangon tubali mai kauri da rufin soro bisa azara sukan sha zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka fito tsakar gida. Da rana kuma ɗakin yana riƙe da sanyin daren jiya. Wanda ya shiga zaure a unguwar Birni ta Damagaram da azahar ya san wannan a jikinsa. Dabarar Prouvé ta fi dacewa da ƙasa mai laima irin Kwango, inda iska ake nema, bisa ga Sahel, inda bambancin zafin rana da sanyin dare yake da yawa.

Sa'an nan ga zancen sutura. Gidan tsakiyar ƙarni da gidan Bahaushe sun yarda da abu guda, cewa rabin rayuwa a waje take, ƙarƙashin sama. Amma na farko yana buɗe kansa ga duniya ta gilashi da baranda, na biyu kuwa yana juya wa titi baya, ya kewaye filinsa da katanga, ya sa zaure ya tare baƙo. Gidan da aka sauke a Yamai bai san zaure ba, bai san turaka ba, don ba a tambayi kowa a nan ba kafin a zana shi. Ba a kuma yi niyyar koya wa maƙeran ƙasa ƙera shi ba. Manufar ita ce alminiyam ɗin Faransa ya sami kasuwa. Wasu Ingilishi biyu, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, da suka gina kwalejin jami'a ta Ibadan a shekarun 1950, sun fi shi sa'a, don sun yi aiki da kankare da maginan wurin, bangonsu mai huji-huji kuwa ya bazu ko'ina a Afirka ta Yamma.

An raba maƙeri da maƙerarsa

Don ya faɗaɗa masana'antar Maxéville, Prouvé ya karɓi jarin kamfanin alminiyam a 1949. Wanda ya ba da kuɗi shi ke da magana. Masu jari suna son a yi ta fitar da kaya iri ɗaya a sayar, shi kuwa kullum yana cikin gwaji, yana zana abu da safe a ƙera shi da yamma. Suka raba ofishin zane da wurin ƙira, abin da ya saɓa wa duk abin da ya koya a gidan ubansa. A 1953 ya bar masana'antar da ya kafa da hannunsa, yana da shekara 52. Wannan rauni bai warke ba har ya mutu.

Abin mamaki, a cikin wannan baƙin ciki ne ya yi gidan da ya fi kowane nuna salon tsakiyar ƙarni. A 1954 ya gina wa iyalinsa gida a kan wani gangaren tudu a Nancy, wurin da magina suka ce ba ya ginuwa. Ya tattara ragowar kayan da suka yi saura a masana'anta, har da allunan alminiyam masu zagayayyun tagogi irin na gidajen Afirka, ƴaƴansa da abokai suka taya shi, aka gama cikin ƴan watanni. Hawa ɗaya ne, ɗakuna a jere kamar taragon jirgi, ƙananan ɗakunan kwana, babban falo a tsakiya mai bangon gilashi yana duban gari, rufin katako mai ɗan lanƙwasa. Yau gidan mallakar birnin Nancy ne.

A 1956 ya sake gwadawa. Bayan mugun sanyin 1954 da ya kashe marasa muhalli a titunan Pari, wani limamin Kirista, Abbé Pierre, ya nemi ya zana gida mai araha. Ya fito da mai murabba'in mita 57, wanda aka kafa cikin awa bakwai a bakin Seine. Madafa da makewayi suna cikin wani dunƙulen ƙarfe a tsakiyar gida, shi ke ɗauke da rufi. Hukuma ta ƙi ba da izini, don doka ba ta yarda da makewayi a tsakiyar gida ba tare da taga ta waje ba. Kaɗan aka gina. Ma'aikatan da ke sa hannu a takardun gini sun san irin wannan shari'a: doka tana da hujjarta, mutane kuma suna kwana a waje.

Sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana ba da shawara da koyarwa. Daga 1957 zuwa 1970 yana karantarwa a makarantar sana'o'i ta CNAM a Pari, inda ɗalibai ke cika aji don su ga yana zana ƙofar mota ko fiffiken jirgi da alli. Ya yi bangon gilashi da ƙarfe na manyan gine-gine da dama, ba kuma duka suka yi kyau ba: wanda ya yi wa wata jami'a a Berlin ya yi tsatsa fiye da yadda aka zata, har aka yi wa ginin laƙabi da tsatsar, daga baya aka sake shi. A 1971 aka ba shi shugabancin alƙalan gasar ginin Cibiyar Pompidou, duk da gunagunin masu takardar shaida, aka zaɓi zanen wasu samari biyu, Renzo Piano da Richard Rogers. An ba shi lambar Erasmus a ƙasar Holan a 1981. Ya rasu a Nancy ran 23 ga watan Maris 1984.

Gidajen Afirka uku suka ci gaba da tsufa ba wanda ya kula. Na Barazabil sun sha harsashi a yaƙin basasar ƙarshen shekarun 1990. A wannan lokaci kuwa kujeru da teburan da Prouvé ya ƙera don ɗalibai da ƴan ofis sun zama abin farautar attajirai a Turai da Amurka. A shekara ta 2000 wani dillalin kayan tarihi na Pari, Eric Touchaleaume, ya zo ya saye gidajen uku, ya kwance su, ya loda zuwa Faransa. Wani Ba'amurke, Robert Rubin, ya sayi ɗaya daga cikin na Barazabil, ya gyara, ya ba Cibiyar Pompidou. Ɗayan kuma aka yi gwanjonsa a New York a watan Yuni 2007, wani mai otel-otel, André Balazs, ya saye shi kusan dala miliyan 5, wato fiye da miliyar 2 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci.

Muhawara ta tashi. Masu saye suka ce da ba su zo ba da gidajen sun ƙare a hannun masu awon tsohon ƙarfe, kuma wanda ya san inda tarkacen alminiyam ke ƙarewa a Yamai ba zai ce ƙarya suka yi ba. Wasu suka ce gidan da ya yi shekara hamsin a ƙasa ya zama tarihin wannan ƙasa, ko da mai mulkin mallaka ne ya kawo shi, bai kamata ya fita ba tare da an yi shawara ba. Wata mai fasaha haifaffiyar Mozambik, Angela Ferreira, ta kai maganar babban baje kolin Venise a 2007, Manthia Diawara na ƙasar Mali kuma ya yi fim a kai a 2008. Da suka zo Yamai neman inda gidan yake, abin da suka ɗauka a hoto shi ne daɓen simintin da aka zuba a 1949.